Idon Da Na Dasa a Kududdufi

Tanimu ne ya kawo ta daga Dutse,
cikin kwali, a rungume kamar jaririya.
Sanda ce siririya mai kan gilashi,
da faifan sola bai fi faranti ba.
Ya ce, "Kawu, ka huta da tashin dare.
Wannan ba ta gyangyaɗi, ba ta zuwa suna.
Za ta faɗa maka zafin ruwa da tsaminsa,
da yawan iskar da kifi ke shaƙa."

Na ɗaure ta a gungumen giginya,
a kududdufina na biyu, bayan Auyo,
inda karfasa dubu uku
ke cinye kuɗin shinkafar bara.

Wata biyu tana aiko saƙo a waya,
lamba bayan lamba, da koren haske.
Sauron fadama ya manta da jinina,
har Tabawa ta gano ashe ina minshari.

Ba zan ci amanarta ba, ta yi min rana.
Daren da injin ya shaƙe, ƙarfe biyu,
ita ta yi ta ihu ƙarƙashin matashi
har na fita da tocila, ba takalmi,
na iske bututu ya yi tsit.
Ba don ita ba, da gari ya waye min da kuka.
Tun daga nan na sakar mata ragama.

Sai tsakiyar damina,
kwana uku rana ba ta leƙo ba.
Baba Haladu, tsohon masunci,
wanda koma ta cinye wa tafin hannu,
ya biyo ta gefen ruwa zai je asuba.
Ya tsaya. Ya ja hanci.
Ya zo ya buga min ƙyaure da sandarsa:
"Tashi, ruwanka yana warin ɓataccen ƙwai."

Na duba waya. Kore shar.
Na ce, "Baba, na'ura ta ce lafiya lau."
Ya ce, "To je ka gaya wa kifin."

Na je.
Bakuna ne a saman ruwa, bubbuɗe,
kamar jama'a sun fito roƙon ruwa,
wasu sun riga sun juya farin ciki sama.
Ɗari huɗu da goma sha biyu.
Na ƙirga su da hannuna, ɗaya bayan ɗaya,
Tabawa ta kwana biyu a bakin banda,
muka kai Haɗeja a rabin kuɗi.

Da na zaro sandar,
gansakuka ta naɗe mata kai kamar rawani,
dodon koɗi ya yi ƙwai a kan idonta.
Makauniya ce take ta ba ni labarin gari.

Na kira Tanimu.
"Ai Kawu, sai ana wanke ta, ana saita ta,
duk yana cikin takardar."
Takardar nan ta Turanci
da aka ƙunshe daddawa a ciki tun bazara.

Ban jefar da ita ba.
Wa ke korar maigadi don ya yi ciwon ido?
Duk Juma'a, kafin masallaci,
ina goge mata fuska da tsohon burushi.
In ta faɗi lambarta, na ji,
sai in naɗe hannun riga,
in tsoma hannu har gwiwa,
in sansana, in watsa abinci,
in ga ko za su yi rububi ko za su yi yanga.
Ruwa ba ya tsami banza.

In bakinsu ya zo ɗaya, in yi barci.
In sun saɓa, kifi nake bi.
Ita ta san lamba,
Baba Haladu ya san wari,
ni na san bashin da ke kaina,
amma su ne a cikin ruwan.